Ƙanƙarar Gyadi-Gyadi da taron da ba mu da shi

Kowace shekara masu filayen wasan zamiya a kan ƙanƙara a Amurka sukan taru don babban taro haɗe da baje koli. Ƙungiyar da ke shirya shi, Ice Sports Industry, an kafa ta tun 1959. Wanda bai sani ba zai ɗauka taron 'yan wasa ne, alhali yawancin mahalarta manajoji ne da masu koyarwa da injiniyoyin sanyaya wuri da dillalan injuna. Hirarsu ta kuɗin wuta ce, da inshora, da iskar gas ɗin da ke cikin injin sanyi. Filin wasan kansa daɓen siminti ne da aka binne bututu a cikinsa, ana zagaya ruwan gishiri ko wani sinadari mai tsananin sanyi a ciki, har ruwan da aka watsa a sama ya daskare, kaurinsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Sana'ar gaba ɗaya ta ƙera sanyi ce da sayar da shi.

Wannan sana'a kuwa na san ta, domin a Gyadi-Gyadi na tashi. Idan watan Afrilu ya kama, zafin Kano ya kai digiri 40, ba ka rasa layi a ƙofar mai ƙanƙara. In azumi ya faɗo a lokacin, tun bayan La'asar yara ke jeruwa da kula da bokiti, masu zoɓo da kunun aya da ruwan leda suna saye a sari. A lungunan Tarauni akwai gidaje da dama da matar aure ke ciyar da yara da firji ɗaya tak. Manyan masu sana'ar kuma suna daskarar da ƙanƙara ta hanyar tsoma mazubai cikin ruwan gishiri mai sanyi, dabarar da ke ƙarƙashin filayen wasan can.

Dangantakar ta wuce kamannin dabara. Frank Zamboni, wanda injin goge filin ƙanƙara ke ɗauke da sunansa a duniya, mai ƙanƙarar sayarwa ne tun farko. Shi da ɗan'uwansa Lawrence suna da masana'anta a kudancin Kalifoniya, suna sayar wa masu tura kayan lambu ta jirgin ƙasa. Da na'urorin sanyaya kaya suka yaɗu, kasuwar ta fara mutuwa. Sai suka sayar da masana'antar a 1939, suka buɗe filin wasa mai suna Iceland a 1940 da ilimin da suka tara. A 1949 Frank ya ƙera injin da ke gyara fuskar ƙanƙara cikin kimanin minti 15, aikin da a da mutane da yawa ke kwashe fiye da awa guda suna yi. Kasuwar ƙanƙarar ta mutu, gwanintar sanyaya wuri ta samu sabon gida.

Irin wannan sauyi yana tafe wa masu ƙanƙarar Kano ta fuskoki uku. Na farko tsada: an cire tallafin man fetur a Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kan kowane yunit. Na biyu kalanda: azumi yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, a 2030 zai faɗo cikin Janairu, tsakiyar hunturu, lokacin da ruwan randa ya ishi mai buɗa-baki. Na uku iskar gas: R-22, wadda injuna da dama ke aiki da ita, Amurka ta hana ƙera ta da shigo da ita daga 2020, abin da ya tilasta wa filayen wasa da yawa komawa amoniya ko wasu sinadarai. Ƙasashe irin Najeriya kuma, ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal, wa'adinsu na rabuwa da kusan dukkanta 2030 ne. Ga kuma firjin sola da ke shiga gidajen masu hali, waɗanda a da su ne manyan masu saye.

Masu filayen wasan Amurka sun ji labarin R-22 a tarukansu shekaru kafin wa'adi, suka kwatanta farashi, suka shirya. Mai gyaran firjin unguwarmu, wanda ya koyi aiki wurin maigidansa, a ina zai ji? A matsayina na ɗan jarida na sha zagaya baje kolin ƙasa da ƙasa da KACCIMA ke shiryawa a titin Gidan Zoo, tafiyar mintuna kaɗan daga gida. Ana yin sa ƙarshen shekara, sanyi ya shigo, ana cinikin atamfa da turare da kayan ɗaki. Kasuwa ce mai daɗi da amfani, amma ta mai saye da mai sayarwa ce. Masu sana'a ɗaya su zauna su koya wa juna, wannan wani abu ne daban.

Kuma buƙatar sanyi ba za ta gushe ba, wurinta kawai zai sauya. Tumatirin Kadawa da Kura yana ruɓewa kafin ya isa kudu. Kayan marmari a 'Yan Lemo da kayan miya a 'Yan Kaba suna lalacewa da rana. Alluran rigakafi da insulin ba sa jure zafi. Tun 2000 Mohammed Bah Abba ya samu kyautar Rolex kan tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ColdHubs kuma tana hayar ɗakunan sanyi masu aiki da sola a kasuwanni.

Abin da ya rage shi ne zauren da zai haɗa mai injin ƙanƙara da mai gyara da dillalin sola da ɗan kasuwar gwari da ma'aikacin banki, kwana biyu ko uku, da Hausa, kafin zafi ya shigo. Filin yana nan a titin Gidan Zoo, kuma yawancin watannin shekara ba a baje koli a cikinsa.