Jirgin da ya kwana a Yamai

A hutun ƙarshen shekara muka haɗu a gida Gagarawa, mu 'yan ɗaki ɗaya da neman abinci ya warwatsa tsakanin Kano da Abuja. Bayan isha'i muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, muka kife turmi muka ɗora kwamfuta, muka kunna Hijack '93, fim ɗin da Netflix ya saki a Oktoban 2024, wanda Robert Peters ya ba da umarni. Tun a Kano muka sauke shi, don mun san halin sabis ɗin garinmu. Da Baffa ya ji labarin jirgin Yamai ne, shi ma ya jawo kujerarsa.

Mu a lokacin da abin ya faru ko makarantar allo ba mu fara ba. Ranar 25 ga Oktoba 1993, jirgin Nigeria Airways ya tashi daga Legas zai je Abuja, sai matasa huɗu suka ƙwace shi a sararin sama. Fushinsu soke zaɓen 12 ga Yuni ne, wanda aka yi imani Abiola ya lashe, da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan. Jamus suka so a kai su, mai bai isa ba, aka sauka a Yamai. Nan jirgin ya yi wajen kwana uku a ƙasa, an saki wasu fasinjoji an riƙe wasu, har jami'an tsaron Nijar suka afka ciki da dare. Mutum ɗaya cikin ma'aikatan jirgin ya rasa ransa, yaran kuma suka yi shekara tara da wani abu a kurkukun Nijar.

Ba a kai rabin fim ba Baffa ya miƙe. Muka ce, "Baffa, ai ba a zo wurin ba tukuna." Ya ce, "Ku dai ku kalla. Ni da na bi shi a rediyo, gabana ya fi faɗuwa."

Mun daɗe muna juya maganar nan. A rediyo ba abin da Baffa yake da shi sai jira. Ya ji labaran safe, ya wuni bai san ko an cinna wa jirgin wuta ba, ya dawo na dare. Fim ɗin kuwa tsoron shiru yake yi. Kowa na ihu, kiɗa na gaya maka inda za ka tsorata, kowane ɗan wasa yana faɗin abin da ke zuciyarsa da baki kamar mai ba da ba'asi gaban alƙali. Mu da Maigatari ke bayan gidanmu mun san ranar ƙarshen damina a wannan yanki, mun san yadda mota ke zama tanda idan ta tsaya rabin awa ranar kasuwa. To a ƙaddara kwana uku cikin ƙarfe a rufe, da yara, da tsofaffi, da bayan gida da ya cika. Wannan zafin bai taɓa iso mu ta fuskar kwamfutar ba. Dalilin yaran ma a dunƙule aka ba mu shi, har ƙanwarmu da aka haifa bayan 2000 ta gama kallo tana tambayar wane ne Shonekan.

Wataƙila sana'a ce ta ɓata mu. Mu masu rubuta manhaja, idan abu ya rushe cikin dare, washegari zama muke mu jera abin da ya faru minti bayan minti, kuma da wuya mu sami mugu a ciki. Ƙananan abubuwa muke samu da suka hau kan juna. Masu fim su kuma sai sun samo mugu. Ko Clint Eastwood, a fim ɗinsa Sully na 2016, kan matuƙin da ya sauke jirgi a kogin Hudson mutum 155 suka tsira, masu binciken hatsari ya mayar abokan gaba don a sami wanda za a ji haushi.

Abin da ke damunmu shi ne labaranmu da ke jiran layi. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin alhazai ya tashi daga Jidda zai sauka Sakkwato, mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Bincike ya nuna tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, an san da haka, aka ƙi tsayawa don kada a makara. Tayoyi suka fashe a kan titin tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgin da wutarsu. Wurin da ya fi tayar da hankali a labarin nan yana ƙasa, kafin a tashi: makanike yana neman iskar taya, wani yana kallon agogo. Idan ranar fim ɗinsa ta zo, muna tsoron wannan wurin za a fara yankewa, a cika sauran da kururuwa. 'Ya'ya da jikokin waɗannan alhazai kuwa suna nan, da wayoyi a hannu.

Da safe mun tarar da Baffa yana gyara eriyar rediyonsa. Ya tambaye mu ko fim ɗin ya faɗi sunan wanda ya rasu. Muka dubi juna, ba wanda ya iya tunawa.