Ƙugin da ke cikin baful ɗinku

Ran Juma'ar da ta wuce, mun sauka daga shirin gaishe-gaishe ke nan, wani dattijo mai sauraronmu ya tare mu bakin ƙofar gidan rediyo da wata waya cikin leda. Ɗansa da ke Abijan ya aiko mashi kuɗi, ya tsallaka kasuwar Illela ta Najeriya ya sawo ampili da baful biyu, don ya riƙa jin tafsiri da kokowa cikin zaure shi da abokan hira. Tun randa anka haɗa su da tele, sai "zuuu" ba dare ba rana. Wani mai shago ya ce mashi laifin waya ne, ya saida mashi wata mai bakin zinariya jika goma sha biyu. Ƙugin ko gezau.

Munka ce: "Baba, mu je mu gani."

Kafin mu zauna ma mun ga matsalar farko. Kayan Najeriya da fishi mai ƙafa uku suke zuwa, irin na Ingila, mu kuwa namu ramu biyu ne zagayayyu irin na Faransa. Yaron da ya yi haɗin sai ya karye ƙafa ta uku, ya cusa sauran cikin ralonji da ƙarfi. To wannan ƙafar ita ce wayar ƙasa, wadda masu gyaran wuta ke ce ma "ter". Munka ɗora bayan yatsa bisa jikin ampili, munka ji yana ɗan cizo. Baba ya ce ai shi ya ɗauka haka sabon kaya yake.

Ga abin da ke faruwa. Kuran ɗinmu bolt 220 ne, yana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa guda, kuma wannan bugun ne kunne ke ji kamar ƙudan zuma. Tele da dekoda da ampili, kowane na ɗan yoyon kuran zuwa jikin ƙarfensa. In da ter, yoyon ya bi ta ya shige ƙasa, ba wanda ya sani. In babu, sai ya nemi wata hanya, ya bi ta jikin wayar da ke kai sauti, ya faɗa ampili, shi kuwa ampili aikinsa ƙara ma abu ƙarfi, bai san wa'azi ba bai san ƙugi ba. Mun cire wayar da ta fito daga kwanon parabol, ƙugin ya ragu nan take. Baba ya riƙe baki.

Maganar zinariya kuwa, mu faɗi gaskiya. Wayar da anka saida mashi ta dijital ce, lambobi take ɗauka, 0 da 1. Ko su iso ko kada su iso. In sun iso, waƙar Ɗan Anace ɗaya ce, ko wayar ta jika guda ce ko ta jika goma sha biyu. Can Turai ma akwai masu zuba kuɗi kan irin waɗannan wayoyi suna rantsuwa sun ji bambanci. Su da aljihunsu. Abin da ya kashe ƙugin gidan Baba wata ƴar siririyar waya ce da ake kira optik, wadda kamfanin Toshiba ya fito da ita a 1983. Haske ke bi cikinta, ba ƙarfe, saboda haka yoyo ba ya da inda zai bi. Ku duba bayan tele ɗinku, in kun ga ɗan rami mai jan haske, shi ne. Munka kuma tara tele, dekoda da ampili bisa ralonji guda.

Amma optik kunne kawai take hutarwa. Cizon yana nan, kuma shi ne ya sa munka rubuto wannan.

Mu ma mun taɓa yin irin ta yaron nan, ba mu ɓoye maku. A watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke ma Nijar kuran, kowa ya koma gurup da fano. Wata rana muna watsa wani taro kai tsaye bisa gurup, ƙugi ya cika antan, masu sauraro na ta kira. Cikin gaggawa munka cire ter ɗin na'urar haɗa sauti, ƙugi ya ɗauke, munka yi ta jin kanmu gwanaye. Bayan kwana kaɗan abokin aikinmu ya kai mikoro bakinsa, ƙafa ba takalmi, ƙasa da damshi. Ya yar da mikoro ya zauna daɓas. Allah ya kiyaye, leɓe kawai ya kumbura. Har yau in mun tuna gabanmu sai ya faɗi, don irin wannan mikoron ne ladan ke riƙewa da asuba, hannu da ruwan alwala, shi ne kuma yara ke wasa da shi wurin biki.

Ter ta gaskiya sandar jan ƙarfe ce, wajen mita biyu, da ake kafawa cikin ƙasa a haɗa ta da koriyar waya mai ratsin rawaya. Ƙasarmu ta bazara busasshiya ce ƙayau, ba ta karɓar kuran da kyau, shi ya sa gara a kafa sandar inda damshi ba ya yankewa, kamar kusa da makwararar wurin wanka. Wasu na zuba gawayi da gishiri cikin ramin. Yana taimakawa, sai dai gishiri na cin ƙarfe, dole a riƙa dubawa. Masu ɗaure waya ga ƙyauren ƙofa ko ƙusar bango, don Allah ku bari, wanda ya taɓa ƙyauren shi zai zama ter ɗin. Wanda ke da hali ya sa mai gyaran wuta ya ƙara mashi dijonktar diferansiyal mai miliampa 30, wanda ke yanke kuran da kansa in ya bi ta jikin mutum. Kuma in hadari ya taso da walƙiya, a cire wayar parabol da fishi duka.

Mai gyara ya zo gidan Baba ran Lahadi, ya kafa sanda, ya canja fishi. Da munka koma, mun iske zaure cike, ana jin tafsiri tar. Wayar zinariya kuwa, mai shago ya ce abin da anka saya ba a maido shi. Tana nan rataye ga ƙusa, kusa da tasbahar Baba.