Fuska Biyu a Jikin Shaf

Duk wanda ya taso tsakanin Kura da Bunkure ya san rani ba lokacin hutu ba ne a wurinmu. Ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, yana biyo magudanai har Kadawa, amma wanda gonarsa ta hau tudu ko ta yi nisa da ruwan, injin ban-ruwa ne gatansa. Ga kuma injinan casar shinkafa da suka cika garin Kura. Dukkansu suna da shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ciki, kuma sau da yawa ƙarshensa na da fuska biyu shafaffu, inda sifana za ta kama ko sukuru ya danne fuli.

Fuskokin nan su ne matsalar. Idan shaf ya karye, baffana kan kai shi Kano, mai injin sassaƙa ƙarfe ya fere masa sabo, mulmulalle tas. To amma injin nasa zagaye kaɗai ya iya. Fuskokin sai a koma wa girenda da magagari, a yi da ido. Ba raina dattijan nan nake ba, wallahi sun fi mu sanin ƙarfe. Sai dai in fuska ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta zurfi, sifana ta dinga zamewa tana cin ƙarfen, fuli kuma ya yi ta rawa. Tumatir ya kwana uku ba ruwa a watan Maris, ai kun san ƙarshen zancen.

Shi ya sa da muka zo kan CNC a ajin ƙarshe na nace wa wannan batu. Injin da ke da wuƙa mai juya kanta, da kuma layin C mai sarrafa juyin shaf, yana yanke fuskar ba tare da an kwance aikin daga inda aka ɗaure shi ba, don haka tsakiya ba ta gocewa. A injin mai kwamfutar Fanuc, G12.1 ake rubutawa a shiga wannan yanayi, G13.1 a fita. Shaf na juyawa a hankali, wuƙa na matsowa tana ja da baya, abin da ya fito kuwa layi ne miƙaƙƙe. Ga inda tarkon yake: X kaurin gaba ɗaya yake ƙirgawa, C kuma ya daina zama digiri, ya koma milimita daga tsakiya.

Ɗauki shaf mai kaurin milimita 25 da ake so sifana 22 ta kama. Milimita 1.5 za a cire kowane gefe. Fuskar na milimita 11 daga tsakiya, amma X22 za ka rubuta, kana sanar da injin kaurin wuƙarka. Faɗinta kusan 12 ne, don haka C zai tashi daga 6 zuwa −6, da ɗan ƙari don wuƙa ta shiga ta fita.

Wani abokina ya ce ina wahalar banza, wa zai kunna injin miliyoyi saboda shaf ɗaya? Gaskiyarsa. Amma manoman yankinmu injina iri ɗaya suke saye, kuma in an rubuta umarnin sau ɗaya, na hamsin ma shi zai bi. Karyayyun shaf da na karɓo wurin makanikan Kura suna cikin jakata, na auna su, umarnin ya bi daidai a kwamfuta. Saura mako mai zuwa, in an kawo wuta, mu gwada a ƙarfe.