Ana Buga Fankiriyas Da Na'ura, Amma Ban Ajiye Allurar Ɗiyata Ba

'Yan uwa iyaye mata, duk wadda ke rainon yaro mai ciwon suga nau'i na ɗaya ta san hidimar: allura kafin abinci, huda yatsa, tashi tsakar dare a duba ko sugan ya faɗi. Shekara biyar ke nan ina wannan da ɗiyata, shi ya sa duk labarin waraka da ya shigo wayata sai na bi diddiginsa.

Na baya-bayan nan shi ne na buga fankiriyas da na'ura. Fankiriyas ita ce tsokar da ke kwance bayan tumbi. A cikinta akwai 'yan curin ƙwayoyin halitta masu samar da insulin, kuma su ne garkuwar jikin yaranmu ta hallaka. Masana suna cakuɗa rayayyun ƙwayoyi da wani abu mai yauƙi, na'ura ta riƙa jera su hawa-hawa har su zama tsoka. A 2019 tawagar Dakta Michal Wszola a Warsaw, ƙasar Foland, ta buga samfurin fankiriyas mai hanyoyin jini, daga baya ta gwada a jikin dabbobi. Hanyoyin jinin nan su ne babbar matsalar, domin ƙwayar da jini bai isa gare ta ba mutuwa take yi.

Dashen ƙwayoyin kansa ya riga ya kai ga mutane. A 2000, a Edmonton ta Kanada, an ba da rahoton cewa an dasa wa mutum 7 ƙwayoyin da aka ciro daga mamata, suka daina allura, sai dai da yawan waɗanda aka yi wa haka sun koma mata bayan wasu shekaru. A 2025 kamfanin Vertex ya ba da rahoton cewa 10 cikin mutum 12 da aka sa wa ƙwayoyin da aka raina a ɗakin bincike sun kai shekara guda ba sa bukatar insulin. Amma dukansu manya ne, kuma dole su riƙa shan maganin danne garkuwar jiki, wanda ke da nasa haɗarin.

Ina da fata, amma na san har yanzu abin yana matakin gwaji. Don haka duk wanda ya tallata miki warakar wannan ciwo a WhatsApp, ya ce ki dakatar da allura, ki guje shi. Yaron da aka yanke wa insulin yana iya shiga mummunan hali cikin kwana ɗaya ko biyu.

Kafin 1922 wannan ciwo kashe yara yake yi, sai insulin ta zo. Aikina yanzu in kare idanun ɗiyata da ƙodarta, domin ranar da sabon maganin ya iso, in sha Allah, ya same ta da lafiyar da za ta amfana da shi.