Mutumin da aka kama don yana tafiya a ƙafa

Duk wanda ya karanta gajerun labaran Ray Bradbury, marubucin ƙagaggun labaran kimiyya ɗan Amurka, ya san jininsa bai haɗu da talabijin ba. Amma shi ɗin ne kuma ya rubuta wasan talabijin har kashi 65, daga 1985 zuwa 1992, mai suna The Ray Bradbury Theater, galibi daga labaransa na da. Daga baya aka tattara su a faifan DVD. Ina aji biyar na sakandare yayana ya ba ni aron faifan, na riƙa kallon kashi ɗaya ko biyu duk daren da aka kawo wuta.

Wasu sun tsufa, babu ja. Akwai labarin mafarautan da suka koma zamanin da don harbo wata ƙatuwar dabba, ɗayansu ya taka malam-buɗe-littafi, tarihin duniya ya sauya. A takarda dabbar nan ta hana ni barci. A faifai kuwa ƙanwata dariya ta yi mata.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne "The Pedestrian", wato mai tafiya a ƙafa. A 1951 aka fara buga labarin, kuma 'yan shafuka ne kawai. Wani marubuci, Leonard Mead, yana fita yawo kowane dare a wani babban birni na nan gaba. Tituna wayam, kowa yana cikin gida a duhu ya zuba wa akwatin talabijin ido. Shekara goma yana wannan yawo bai taɓa cin karo da mutum ko ɗaya ba. Wata rana motar 'yan sanda ta tare shi, ta jero masa tambayoyi: sana'arsa, matarsa, dalilin fitowarsa. Da ya leƙa ciki sai ya ga babu kowa, na'ura ce ke magana. Ta ɗauke shi zuwa asibitin masu taɓin hankali. A hanya suka wuce gida ɗaya tak mai fitilu a kunne, nasa.

Da Bradbury ya zo mayar da shi wasa, sai ya ƙara wa Mead aboki, wanda ya lallaɓa ya fito da shi daga gida su yi yawon tare. Na gane dalili. Alƙalami yana iya shiga zuciyar mutum ya faɗa maka abin da yake saƙawa, kyamara kuwa fuska kawai take gani. Minti ashirin da 'yan kai na mutum yana tafiya shiru, wa zai zauna ya kalla? Dole a samo wanda zai yi wa magana.

Duk da haka ni na fi son na takarda. Abin da ke ba da tsoro a labarin shi ne kaɗaici, kuma da zarar an ce mutum biyu ne, rabin tsoron ya tafi. Ku da ake koya muku zube da wasan kwaikwayo a aji, ku gwada da kanku: ku karanta labarin tukuna, ba zai ci muku minti goma sha biyar ba, sannan ku kalli wasan, ku lura da duk wurin da shiru ya koma magana. Amfanin faifai ke nan, kana iya tsayar da shi ka koma baya, abin da masu kallo a 1989 ba su samu ba sai in sun naɗa a kaset.

Bradbury bai taɓa koyon tuƙin mota ba, mutum ne mai yawan tafiya a ƙafa. Ya sha ba da labarin cewa wani dare ɗan sanda ya tare shi a wani titi na birnin Los Angeles yana tambayarsa abin da yake yi, kuma daga nan labarin ya samo asali. A daren nan ma ba shi kaɗai ba ne, tare yake da wani abokinsa.