Rautoci Shida a Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Kuɗin zama jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco dala 300 ne. A shekarar 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, wannan ya kai naira 450,000, wato fiye da abin da mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai samu a wata shida. Wanda ya faɗi kuwa, ba a mayar masa da ko kwabo. Da wannan lissafi a ransa wani matashi a Kano ya fara shiri. Ya kammala karatun kimiyyar kwamfuta, amma bai taɓa ɗora hannunsa a kan rauta ta gaskiya ba.

Rauta ita ce na'urar da ke zaune a mahaɗar hanyoyin sadarwa, tana duba adireshin kowane ƙunshin bayani, tana zaɓa masa hanyar da zai bi. Ba a koyon sarrafa ta da karatu kaɗai. Sai an haɗa biyu ko uku, an ba su umarni, an ga inda suka ƙi fahimtar juna. Sayen su, ko da na hannu ne, ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma da ya saya ma, da sai ya nemo musu wutar da ba a cika kawowa unguwarsu ba. Abin da ya mallaka shi ne tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙarar fanka.

Ya fara da Packet Tracer, manhajar da Cisco ke bayarwa kyauta ga masu koyo. Ta yi masa amfani, sai dai kwaikwayon hali take yi: an rubuta mata amsoshin da rauta kan bayar, tana maimaita su. Duk umarnin da masu rubuta ta ba su sa ba, sai ta ce ba ta san shi ba. Daga nan ya koma GNS3, wadda aka fara gina ta a kan wata manhaja mai suna Dynamips. Wani Bafaranshe, Christophe Fillot, ne ya fara rubuta Dynamips a 2005, kuma dabararsa ta bambanta tun daga tushe. Maimakon ya kwaikwayi halin rauta, sai ya kwaikwayi gangar jikinta, wato ƙwaƙwalwar da sauran sassan rautar Cisco samfurin 7200, ta yadda ainihin manhajar IOS za ta hau kai ta yi aiki kamar tana cikin akwatin ƙarfenta. Duk abin da mai koyo ya gani a allo, amsar manhajar gaskiya ce, har da kurakuranta. (Akwai ƙura a batun lasisin IOS ɗin da ake sawa, domin ba a kan hakan Cisco ya yi shi ba, masu son tsaftatacciyar hanya kan koma wa Cisco Modeling Labs.)

Daren farko, rauta ɗaya tak ta cinye ƙarfin kwamfutar baki ɗaya, har ƙasanta ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya. Dalilin yana da ban sha'awa. Idan IOS ba ta da aiki, zagaye take yi a wuri ɗaya tana jira, ita kuwa Dynamips ba ta bambanta jira da aiki, sai ta yi ta aiwatar da zagayen da dukan ƙarfinta. Sai an nemo mata wata lamba da ake kira idle-PC, wadda ke nuna mata inda jiran yake, sannan ta sassauta. Da ya samo lambar, fankar ta lafa, kwamfutar ta ɗauki rautoci shida.

Wata huɗu ya yi yana ginawa yana rushewa. Ya koyi cewa rautoci biyu masu amfani da OSPF ba za su zama maƙwabta ba muddin lokacin gaisuwarsu ya saɓa, kuma bai koyi hakan daga littafi ba, sai da ya canza daƙiƙa 10 zuwa 15 a gefe ɗaya, ya zauna yana kallon zumuncin ya yanke. Wannan ita ce babbar kyautar kwaikwayo: kuskure ba ya cin kuɗi. In abu ya dagule, a goge a sake. Ya zauna jarrabawar, minti 120, ya ci a karon farko.

Bayan 'yan watanni ya sami aiki a wani kamfani mai rassa a garuruwa da dama. Wata Juma'a da hantsi aka ce ya gyara jerin dokokin shiga na rautar reshen Azare, wato jerin da ke faɗin wane bayani zai wuce, wane za a tare. Ya yi irin wannan fiye da a ƙirga. Ya shiga rautar daga ofishinsu na Kano, ya share tsohon jerin, ya rubuta layin farko na sabo, ya danna. Allon ya tsaya cak.

Ya san dalilin kafin ya ɗaga kai, domin tambaya ce da ake yi a jarrabawa. Jerin da babu komai a cikinsa yana barin komai ya wuce. Amma da zarar an sa masa layi ɗaya, akwai wata doka ɓoyayyiya a ƙarshensa da ke tare duk abin da ba a ambata ba. Cikin abin da bai ambata ba har da hanyar da shi kansa ya bi ya shiga, da kuma hanyar da reshen ke bi yana aiki. Ya rufe ƙofa, shi yana waje, mabuɗin yana ciki.

A GNS3 ya sha yin wannan kuskure, amma bai taɓa jin zafinsa ba. A can kowace rauta tana da tagarta, wadda ke matsayin igiyar nan mai ruwan bula da ake jona wa rauta kai tsaye, kuma babu dokar shiga da ke tare ta. Wata huɗu yana aiki kamar mutumin da ke tsaye a gaban rautoci shida lokaci guda. A aikin gaskiya kuwa, injiniya kan zauna nesa, yana gyaran gadar da yake tsaye a kanta. Manhajar ba ta yi masa ƙarya ko sau ɗaya ba game da IOS. Nisan ne ba ta nuna masa ba.

Babban injiniyan ya zo ya tsaya a bayansa.

"Ka adana canjin?"

"A'a, Injiniya. Ban kai ga haka ba."

"To Alhamdulillahi. A kashe ta a kunna, za ta koma kan tsohon tsarinta."

Maganin mai sauƙi ne, amma rautar tana cikin akwati mai kwaɗo, mai riƙe da mabuɗin kuma ya riga ya fita. Sai bayan an sauko daga masallaci aka same shi. Kusan awa uku reshen bai yi aiki ba, kuma matashin ne ya rubuta bayanin abin da ya faru da hannunsa.

Da yamma injiniyan ya jawo kujera, ya rubuta masa reload in 10 a takarda. Umarni ne da ke sa rauta ta sake tashi da kanta bayan minti goma. Ana ba da shi kafin a taɓa komai: in gyaran ya yi kyau a soke shi da reload cancel, in kuma mutum ya rufe kansa a waje, ya jira minti goma rautar ta dawo yadda take. "Mu ma da haka muka koya, ƙanena," in ji shi.

Yanzu yana shirin CCNP a kan wannan tsohuwar kwamfuta. Ya sake tsara gwajinsa: taga ɗaya kawai yake buɗewa, ta rautar da ya sa wa suna Kano, sauran biyar kuma sai ta cikinta yake shiga su. Idan ya yanke kansa daga ɗaya, ba ya buɗe tagarta. Yakan duba agogo ya jira minti goman su cika.