Farashin mai ba a hannunmu yake ba, amma totur a ƙafarmu yake

Jama'a, tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, hirarmu a majalisa da ofis ba ta wuce ta fetur. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. A lokacin, mafi ƙarancin albashin Kano na naira 71,000 ko lita 71 ba zai saya ba. Wannan koke ne na gaskiya, kuma ba za mu daina yin sa ba. Amma yau maganar da nake son yi a kan namu ɓangaren ce.

Ni ma'aikaci ne, aikina a cikin birni, iyalina da gonata a ƙasar Dambatta, don haka titin Kano zuwa Daura ya zame mini kamar zauren gidanmu. Abin da nake gani kullum shi ne, wallahi man da muke ƙonawa a banza ba kaɗan ba ne.

Mu fara da gudu. Iskar da mota take ratsawa tana tura ta baya, kuma in ka ninka gudu biyu, turin sai ya ninka huɗu. Tsakanin gudun 90 da 120, turin ya kusa ninkawa, kuma mai ne yake biyan wannan faɗan. To me ka samu? In tafiyarka kilomita 60 ce, minti 10 kacal ka rage. A hanyarmu ko minti 10 ɗin ba za ka samu ba, don ƙasarmu cike take da mutane: ƙauye na bin ƙauye, gona na manne da gona, ga tudun rage gudu, ga amalanke, ga awaki, ga yara 'yan makaranta. Sai direba ya take totur har ƙasa, kafin minti biyu ya danne birki. Duk birkin da ka taka da ƙarfi, man da ka riga ka biya ne ya zama zafi a taya. In ka hango tudu ko cunkoson kasuwa, ɗaga ƙafa tun daga nesa, mota ta ƙarasa da kanta.

Sai masu saka mota a firi ko kashe inji a gangara wai don tattali. Malam, motocin yanzu masu injekta, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa, ita da kanta take yanke mai. A firi kuwa dole ta sha don kada inji ya mutu. Kashe inji kuma birki da sitiyari yake taurarawa, ran mutane ake wasa da shi.

Akwai wamin na asuba. Mutum ya kunna mota ya koma shan koko, ita tana ta shan nata a tsaye. Ko a sanyin hunturu minti ɗaya ya isa, sai ka fara tafiya a hankali. Haka in ka tsaya gaisuwa, mu kuwa mun san tsawon gaisuwarmu, kashe ta.

Taya ma tana cin mai. In iska ta yi ƙasa, sai ta baje a titi, inji ya yi ta ja. Adadin iskar yana rubuce a jikin ƙofar direba a yawancin motoci, ka nuna wa mai faci ya auna, a daina dukan taya da hannu. Buhun takin da ya kwana uku a but, da ƙarfen ɗora kaya da ke saman mota babu komai a kai, duk kuɗin motarsu kake biya.

Ƙannenmu masu Boxer da masu injin ban ruwa a gefen dam ɗin Thomas, ku kuma ƙura ce matsalarku. Injin da yake da kafreto, in matatar iskarsa ta toshe, mai yake sha fiye da ƙima, shi ne baƙin hayaƙin nan da fulogin da yake yawan mutuwa. Wanke ta bai kai kuɗin lita ɗaya ba.

Abin da ya fi rage mini kashe kuɗi kuwa shi ne haɗa tafiya. Mu huɗu 'yan yanki ɗaya muke shiga mota ɗaya ranar Litinin, mu dawo tare ranar Juma'a, kowa ya kawo nasa kason. Saƙon gida da na gona ma a fita ɗaya nake gamawa.

Wani zai ce ina ruwan talaka da hayaƙi. Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin iskar kabon wajen kilo 2.3, irin wadda take ƙara ɗumama duniya. Gaskiya ne manyan ƙasashe irin su Amurka da Sin su suka fi laifi nesa ba kusa ba. Sai dai mu da cinmu ya dogara da damina, mu ne farkon jin jiki in ta rikice, kuma hayaƙin da ke fita a bakin kasuwa, mai ƙosai da ɗanta na goye ne suke shaƙa.

Wannan duk bai wanke gwamnati daga nauyin gyaran hanya da samar da motocin haya masu sauƙi ba. Amma kafin su yi nasu, don Allah gobe da safe a gwada: a auna taya, a tsaya a 80 zuwa 90, a rubuta lita da kilomita na sati biyu. Lissafin zai nuna wa kowa abin da yake zubarwa. Allah Ya kawo mana sauƙi, Ya kai mu gida lafiya.